Gasar Premier: Yadda gidajen talabijin suka zama iyayen gidan ƙwallon ƙafa

A ranar Lahadi 16 ga watan Agustan 1992, gidan talabijin na Sky ya nuna karawar Nottingham Forest da Liverpool kai tsaye, inda Teddy Sheringham ya ci wa Forest ƙwallo ɗaya tilo da aka zura a wasan. Wannan shi ne wasan farko da aka nuna kai tsaye a sabuwar gasar Premier ta Ingila.

Washegari Litinin da daddare aka sake nuna wani wasan, tsakanin Manchester City da Queens Park Rangers. Ga mutanen da suka gaji zuwa filin wasa ranar Asabar da ƙarfe uku na rana tun kaka da kakanni, wannan alama ce cewa an samu sabon mai faɗa a ji a harkar.

Ɗari-ɗarin farko

Kafofin yaɗa labarai sun daɗe da shiga filin ƙwallo. A watan Janairun 1927 gidan rediyon BBC ya fara sharhin wasa kai tsaye, a karawar Arsenal da Sheffield United, kuma a 1937 aka fara gwada nuna ƙwallo a talabijin.

Sai dai shugabannin kulob-kulob sun shafe shekaru suna ɗari-ɗari da lamarin, domin a lokacin kuɗin ƙofa ne babbar hanyar samunsu. Fargabarsu ita ce idan mutum zai iya kallo daga ɗakinsa, ba zai sayi tikiti ba.

Shugaban kulob ɗin Burnley, Bob Lord, na kan gaba a wannan adawa, kuma a shekarun 1960 aka kafa ƙa'idar hana nuna kowane wasa kai tsaye a Birtaniya daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar. Ko shirin Match of the Day, wanda aka fara a 1964, taƙaitattun sassan wasannin da aka riga aka kammala yake nunawa.

Ɓallewar 1992

A ƙarshen shekarun 1980 ƙwallon Ingila na cikin mawuyacin hali. Filaye sun tsufa, rikicin 'yan kallo ya yi ƙamari, an kuma haramta wa kulob-kulob ɗin ƙasar shiga gasannin Turai bayan mutuwar mutane 39 a filin Heysel a 1985. A 1989 kuma turmutsutsun filin Hillsborough ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97.

Manyan kulob-kulob na buƙatar kuɗi, kuma sun gaji da raba abin da talabijin ke biya da dukkan kulob 92 na rukunai huɗu. Don haka a 1992 kulob 22 na rukunin farko suka ɓalle, suka kafa gasar da za ta sayar da wasanninta da kanta.

Kamfanin BSkyB na attajiri Rupert Murdoch, wanda a lokacin yake tafka asara, shi ma yana neman abin da zai sa jama'a su sayi faifan tauraron ɗan'adam. Buƙatun biyu suka haɗu, aka ƙulla yarjejeniyar shekaru biyar da aka ƙiyasta a kan fam miliyan 304, har da kason BBC.

Tun daga nan farashin ya riƙa hauhawa. A 2015 Sky da BT suka biya sama da fam biliyan 5.1 na shekaru uku, kuma a Disamban 2023 aka sayar wa Sky da TNT Sports ikon nuna wasannin 2025 zuwa 2029 a cikin Birtaniya kan fam biliyan 6.7.

Ana raba rabin kuɗin cikin gida daidai wa daida tsakanin kulob 20 na gasar, rubu'i bisa matsayin da kowa ya ƙare a tebur, ragowar kuma bisa yawan wasannin da aka nuna. Idan aka haɗa da kuɗin ƙasashen waje, ko kulob ɗin da ya zo na ƙarshe kan tashi da fiye da fam miliyan 100.

Kaso mafi tsoka na wannan dukiya ya tafi ga 'yan wasa ne. Kafin 1961 doka ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako. A 1992 Blackburn ta sayi Alan Shearer kan fam miliyan 3.6 ana ta mamaki. A 2021 Manchester City ta biya fam miliyan 100 kan Jack Grealish.

Wa ke tsayar da lokaci?

Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A yau gidajen talabijin ne ke zaɓar wasannin da suke so, a kuma ɗaga su zuwa Juma'a da daddare, ko tsakar ranar Asabar, ko Lahadi, ko Litinin.

Masu bin kulob ɗinsu daga gari zuwa gari ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin sau da yawa ana sauya rana bayan sun sayi tikitin jirgin ƙasa. Masu horarwa ma na ƙorafi. Jurgen Klopp, lokacin yana Liverpool, ya sha kokawa kan sa 'yan wasansa su buga da ƙarfe 12:30 na ranar Asabar bayan sun yi wasa a daren Laraba. Gaskiyarsa ne, amma daga wannan tukunyar albashinsa ke fitowa.

Dogaro da talabijin na da haɗarinsa. A 2002 kamfanin ITV Digital, wanda ya yi alƙawarin biyan ƙananan rukunan Ingila fam miliyan 315, ya durƙushe, ya bar kulob-kulob da dama da suka riga suka ci bashi da sunan kuɗin cikin halin ni-'yasu.

Kyamarori sun kuma taɓa dokokin wasan. Bayan duniya ta ga ƙwallon Frank Lampard ta tsallake layi a wasan Ingila da Jamus a gasar cin kofin duniya ta 2010, alƙalin wasa kuma bai gani ba, gasar Premier ta ɗauki na'urar tantance shigar ƙwallo raga a 2013, sannan tsarin VAR a 2019.

Gidajen kallo

Daga kakar 2022 kuɗin da gasar ke samu daga ƙasashen waje ya zarce na cikin gida, kuma Afirka na cikin wuraren da ta fi kafuwa. Zuwan Nwankwo Kanu Arsenal a 1999, da Jay-Jay Okocha Bolton a 2002, da Michael Essien da John Mikel Obi Chelsea, ya zo daidai da yaɗuwar tashoshin SuperSport ta DStv.

Da yake ba kowa ke iya biyan kuɗin wata-wata ba, ga kuma matsalar wutar lantarki, sai gidajen kallo suka cike giɓin: rumfa, bencina, janareta da allon da ake rubuta wasannin ranar. Abin ban sha'awa shi ne, matashin da ke zaune a irin wannan rumfa a Kano ko Kaduna na iya kallon wasan ƙarfe uku na Asabar wanda mazaunin Landan ba zai gani a talabijin ɗinsa ba.

Gasar cikin gida ta Najeriya ta ji a jikinta, ko da yake ba adalci ba ne a ɗora wa Ingila laifin duka, idan aka dubi lalacewar filaye, da ƙorafi kan alƙalanci, da rashin biyan 'yan wasa a kan kari. Akwai kulob irin Kano Pillars da har yanzu ke tara jama'a a filin wasa na Sani Abacha, amma galibin wasannin gasar ana take su ne da ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, daidai lokacin da manyan wasannin Premier ke gudana.