Baƙar Fata Cikin Kaki: Wa Ke Ba Da Umarni?

Duk wanda ya bi titin Sama a birnin Sakkwato ya ga ɗan sanda baƙar fata ɗan'uwansa, ba zai yi mamaki ba. A Amurka da Ingila kuwa sai da aka sha gwagwarmaya kafin a kai nan. Sai a 1911 Samuel Battle ya zama baƙar fata na farko a rundunar 'yan sandan New York, a 1967 kuma Norwell Roberts ya buɗe wannan ƙofa a Landan. Mu tarihinmu ya sha bamban. Tun fil azal mu ne muka cika sahu, ikon ba da umarni ne aka hana mu.

A 1863 wani Bature, John Glover, ya tara Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ɗanƙa musu bindiga. Dabarar ita ce a sa baƙo ya tsare ɗan gari, domin wanda ba shi da dangi a wuri ba ya jin nauyin kowa. Da irin waɗannan Hausawa aka je yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Fatarsu ɗaya da ta waɗanda ake dannewa, amma hafsoshinsu duk Turawa ne.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai suka sauya salo. Suka bar wa sarakuna dogarawansu, daga baya aka tsara 'yan doka a ƙarƙashin En'e. Waɗannan 'yan gida ne, an san iyayensu da unguwanninsu. Sarkin Musulmi Abubakar na III ma, tun yana Sardauna kafin hawansa gadon sarauta a 1938, ya kula da sha'aninsu. Duk da haka dattawanmu ba su manta da yadda ɗan doka ke bin harajin talaka ba, ko yadda aka riƙa tasa ƙeyar 'yan NEPU zuwa gaban alƙali a shekarun 1950. Ɗan gida ne ke kamun, amma ba talaka ne ya aiko shi ba.

Ita kuwa rundunar 'yan sandan Nijeriya, wadda aka haɗe ta Arewa da ta Kudu a 1930, Bature ya ci gaba da shugabancinta har bayan samun 'yancin kai. Sai a 1964 Louis Edet ya zama Sufeto Janar ɗan ƙasa na farko. Kam Selem daga Borno ya gaje shi a 1966, kuma a zamanin Gowon aka shigar da 'yan doka cikin rundunar tarayya.

To, sauya fatar mai kaki ya wadatar? A Janairun 2023, a birnin Memphis na Amurka, 'yan sanda biyar suka yi wa matashi Tyre Nichols dukan da ya zama ajalinsa. Shi da su duka baƙaƙen fata ne.

Yanzu da ake ta muhawarar kafa 'yan sandan jihohi, hujjar da aka fi kawowa ita ce ɗan gari ya fi sanin gari. Gaskiya ne, amma mun taɓa gwada wannan. Kafin mu amince, ya kamata mu tambaya: wa zai ɗauke su aiki, wa zai ba su umarni, kuma in sun zalunci talaka, gun wa zai kai kuka?