Tarihin Jarrabawar Akanta a Afirka ta Yamma

Kalmar akanta aro ce daga Turanci, akawu kuwa daga Yarbanci ta shigo Hausa. Mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya ne, amma akwai bambanci. Akawu ma'aikaci ne mai rubutu da ajiye takardu. Akanta shi ne wanda ya ci jarrabawa ta musamman, har ya zamana idan ya sa hannu a kan lissafin kamfani, banki da hukumar haraji za su amince da shi. To, daga ina wannan jarrabawa ta samo asali?

Ilmin ya girmi jarrabawar nesa ba kusa ba. A shekarar 1494 wani malamin lissafi ɗan Italiya mai suna Luca Pacioli ya buga littafi a birnin Venis, inda ya bayyana yadda fataken ƙasarsa suke rubuta kowane ciniki sau biyu. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, domin an daɗe ana amfani da ita kafin a haife shi. Ga misali: idan ɗan kasuwa ya ɗauki buhun gero 20 bashi, zai rubuta cewa kayansa sun ƙaru, ya kuma rubuta a wani shafi cewa bashin da ake bin sa ya ƙaru daidai da kuɗin geron. In aka tara ɓangarorin biyu, dole su zo daidai. Sai dai daidaiton ba ya nuna cewa babu kuskure. Wanda ya manta wani ciniki ɗungurungum, ko ya rubuta bashin Audu a shafin Garba, lissafinsa zai daidaita, alhali kuwa ba gaskiya ba ne. Masu tsara tambayoyi suna son wannan tarko ƙwarai, kuma yana kama ɗalibin da ya dogara da hadda kawai.

A Birtaniya ne aka mayar da aikin sana'a mai ƙofa. Ƙungiyar akantocin Edinbura ta sami takardar izinin sarauta a 1854, ta Ingila kuma a 1880. Mai son shiga sai ya yi shekara biyar yana koyon aiki a ofishin wani akanta, kuma iyayensa ne za su biya maigidan kuɗin koyarwa. Da rana aiki, da dare karatu, sannan ga jarrabawa hawa uku. A takaice, ba sana'ar ɗan talaka ba ce. Mata ma ba a buɗe musu ƙofa ba sai bayan wata doka ta 1919.

A zamanin mulkin mallaka 'yan Afirka sun riƙe littattafan kuɗi da yawa. A Arewacin Nijeriya an kafa baitulmali a masarautu tun kafin yaƙin duniya na farko, inda ma'aji da malamansa suke rubuta kuɗin haraji da jangali. Amma binciken littattafan da sa hannu na ƙarshe yana hannun Turawa, domin jarrabawar tana can Ingila. Akintola Williams, wanda aka haifa a 1919, ya tafi Landan a 1944, ya yi digiri, ya ci jarrabawar ƙungiyar Ingila a 1949. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya yi haka. A 1952 ya buɗe ofishinsa a Legas. Ya rasu a 2023 yana da shekara 104.

Samun 'yancin kai ya sauya al'amarin. Gana ta kafa hukumar akantocinta a 1963. Nijeriya ta kafa ICAN da dokar majalisa a 1965, Williams kuma ya zama shugabanta na farko. Daga nan ɗalibi yana iya zama akanta ba tare da ya tsallaka teku ba. Ana kukan jarrabawar ta yi tsanani, kuma a 1979 aka kafa wata ƙungiya ta biyu, ANAN, wadda gwamnati ta amince da ita a 1993.

Ƙasashen da Faransa ta mulka sun bi wata hanya dabam. A tsarin Faransa gwamnati ce take fitar da jerin asusu, kowane da lambarsa, kowane kamfani kuma ya bi. Ɗalibi a Yamai ko Injamena ko Garwa tilas ya san cewa rukuni na 4 na masu bashi ne da waɗanda ake bi, na 5 na kuɗin hannu da na banki, na 6 abin da aka kashe, na 7 abin da aka samu. Yarjejeniyar OHADA ta 1993 ta haɗa dokokin kasuwancin ƙasashe 17, cikinsu har da Nijar da Cadi da Kamaru, kuma tsarin lissafinta da aka sabunta ya fara aiki a watan Janairu na 2018. Nijeriya kuwa ta fara bin ƙa'idojin duniya na IFRS a 2012.

Saboda haka ɗalibin Maraɗi da na Katsina, masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya, ba jarrabawa ɗaya suke shiryawa ba. Na farko da Faransanci yake amsawa, yana sa lambar kowane asusu. Na biyu da Turanci, kuma ba a tambayarsa lamba, sunan asusun kawai zai rubuta.