Waiwaye: Yadda Magabatanmu Ke Auna Ruwa Kafin Su Shiga

Duk shekara idan damina ta kankama, sai ka ji iyaye a unguwar nan suna kwaɓar yara: "Kada in ji an je rafi!" Yaran kuwa ba su fasa zuwa ba, domin hani ne kawai, ba wanda ya nuna musu ranar da ruwa ke shiguwa da ranar da ba ya shiguwa. A da ba haka abin yake ba. Sanin halin ruwa sana'a ce, har da sarautarta.

A ƙasar Hausa, kusan duk garin da ke bakin gulbi yana da Sarkin Ruwa. Shi ke ba da izinin su, wato kamun kifin gayya, shi ke hana shiga gurbin da ya san akwai kada ko dorina, shi kuma ake nema idan ruwa ya ci mutum. Wanda ke son ganin ragowar wannan tsari ya dubi Argungu. Bikin kamun kifinsu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Har gobe, dubban masunta za su yi cirko-cirko a bakin Matan Faɗa da goruna da koma a hannu, amma ba mai tsoma ƙafa sai Sarkin Ruwa ya duba ya ce a shiga.

Fatake ma suna da nasu. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan tashi ne bayan damina ta ɗauke, don a tarar koguna sun janye. Idan aka iso mashigi, jagaba ne ke fara shiga da sanda. Ma'auninsu jikin mutum ne: idon sawu, gwiwa, ƙugu, ƙirji, iya wuya. Ruwan da bai wuce gwiwa ba, jaki zai bi da kayansa. Idan ya kai ƙugu sai a sauke kaya a ɗauka a ka. Ya wuce nan kuwa, sai a nemi masu fito a biya su, ko madugu ya ce a ya da zango har kogi ya sauka, ko da kwana nawa ne. Ba zurfi kaɗai suke dubawa ba. Ruwan da ya yi ja, yana tafe da kumfa da karmami da itace, sun san sabon zuwa ne, kuma akwai wani a bayansa.

Da wannan sani kakanninmu suka zo ƙasar nan. Wasu tun zamanin da aka kafa masarautar Jama'a a farkon ƙarni na 19, wasu bayan jirgin ƙasa ya iso Kafanchan wajen 1927, wasu kuma neman kuza ya kawo su. Ko jirgin ma sai da ruwa ya gwada masa iyakarsa: kafin a buɗe gadar Makurɗi a 1932, a jirgin ruwa ake haye da taragu kogin Binuwai.

Sai dai da suka zo, sun tarar ruwan nan ba irin na gida ba ne. Kogunan Kano da Katsina shimfiɗaɗɗu ne a kan rairayi, da rani ma sai an yi tono kafin a ga ruwa. Nan kuwa damina takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara ya kusa ninka na Kano, kuma daga kan dutse yake gangarowa, daga duwatsun Kagoro da tsaunukan Jos, ya bi ta koguna irin su Kogum da Mada ya faɗa Binuwai. Wanda ya taɓa tsayawa a Matsirga, kusa da Kafanchan, cikin watan Agusta, ya ji rugugin ruwan da ke zubowa daga saman dutse, ya san abin da nake nufi. Rafin da ka haye da safe iya gwiwa, da la'asar sai ya shanye mutum tsaye, alhali ko ɗigo bai sauka a Gidan Waya ba. An yi ruwan ne can kan dutse.

To a nan ne magabata suka yi abin da ya kamata mu tuna. Ba su ce su 'yan gulbi ne, sun iya ba. Sun san da ɗan gari akan ci gari. Wajen maƙwabtanmu Kaninkon da Nindem da sauran mutanen ƙasar aka koyi inda mashigi yake, da dutsen da ke da santsi, da gurbin da ruwa ke juyawa a ƙasa ko da samansa ya kwanta luf. A wajensu aka koyi cewa kafin ka dubi rafi, ka fara ɗaga kai ka dubi dutse: in hadari ya rufe shi, ka haƙura. Haƙar kuza kuma ta bar mana wani sabon haɗari, wato kududdufan da aka haƙa aka bari. Ba su gudu, ba su ƙara, amma bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, ƙasansu kuma laka ce.

Yanzu awon ruwa ya koma hannun hukuma. Akwai NIWA mai kula da hanyoyin ruwa tun 1997, akwai NIHSA da ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, ana kuma karanta ma'aunin ruwa a Lakwaja da Makurɗi. Duk da haka mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, mun kuma ji kifewar jirgi a Warra ta jihar Kebbi a 2021, da ta Fategi a jihar Kwara a 2023 wadda ta ci mutum fiye da 100. Waɗancan manyan koguna ke nan. Rafin bayan unguwarmu kuwa ba ya cikin lissafin kowa. Gada ta zo, fito ya mutu, masu sanin ruwa suna ta ƙarewa, ba mu kuma naɗa wasu ba.

Shawarata ga Mai Unguwa da dattawa ita ce a farfaɗo da abin nan tun masu saninsa na raye. A kafa turke a mashigi, a shafa masa fenti a gwiwa da ƙugu da ƙirji. A samu mutum biyu ko uku, daga cikinmu da maƙwabta, waɗanda in sun ce yau ba a shiga, to ba a shiga. A sanar a masallaci da makarantun allo da na boko. A kuma koya wa yara iyo da rani, a gaban manya, domin iya ruwa fid da kai.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka.