Zaman dindindin a Kanada: abin da ke jiran baƙo daga filin jirgi zuwa aikin farko

Cikin saƙonnin da kuke aiko mana daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, tambaya kan Kanada ta yi yawa, musamman daga matasa masu bak ko lisans. Yawancinku hanyar samun takarda kuke tambaya. Mu kuwa mun ga ya dace mu yi bayanin abin da ke biyo bayan takardar, domin katin zama yana ba mutum izinin yin aiki, amma neman aikin na wuyansa. Mun tattara bayanin wuri guda don mai shirin tafiya, da kuma iyalan da za su zauna jiran saƙo a gida.

Mene ne zaman dindindin?

Mai zaman dindindin, wanda ake kira résident permanent da Faransanci, baƙo ne da gwamnatin Kanada ta amince ya zauna ba tare da wa'adi ba. Yana da damar zama a kowane lardi, ya yi aiki, ya yi karatu, ya samu kulawar likita. Ba ya jefa ƙuri'a, ba ya tsayawa takara, kuma fasfonsa na Nijar ne har yanzu. Sharaɗin riƙe matsayin shi ne ya kasance cikin ƙasar aƙalla kwana 730 a kowace shekara 5. Wanda ya cika kwana 1,095 cikin shekara 5 yana iya neman zama ɗan ƙasa. Babban laifi kuwa yana iya jawo a karɓe matsayin a mayar da mutum gida.

Babbar ƙofar ma'aikata ita ce tsarin Entrée express da aka buɗe a Janairun 2015, inda ake ba da maki bisa shekaru, karatu, ƙwarewar aiki da harshe. Tun 2023 ake ware zagaye na musamman ga masu jin Faransanci, abin da ya sa ƴan Nijar suka samu gurbi. Ana auna harshen da jarrabawar TEF Canada ko TCF Canada, sakamakon kuma shekara 2 yake aiki. Sai dai ƙofar ta ɗan tsuke: gwamnati ta rage adadin da za ta karɓa a 2025 zuwa mutum 395,000, alhali a baya ta tsara 500,000.

Ku lura da abu guda da kyau. Lardin Kebek, inda Faransanci ke da rinjaye, shi ke zaɓen baƙinsa da kansa tun yarjejeniyar 1991, yana ba da takardarsa mai suna CSQ. Entrée express na masu niyyar zama wajen Kebek ne. Ke nan Faransanci zai iya shigar da kai Kanada, ya sauke ka a garin da Ingilishi ake aiki da shi.

Kafin a ɗaure kaya

Wanda ya bi ta layin ƙwararrun ma'aikata na tarayya sai ya nuna kuɗin da zai riƙe kansa. A 2025, na mutum guda ya ɗan haura dala 15,000 ta Kanada. Da yake dala guda tana wajajen sefa 400, lissafin ya kai kamar miliyan 6. Kada a ɗauki wannan a matsayin sharaɗin takarda kawai a je a ranto don a nuna. Kuɗin ci da haya ne na watannin da ba albashi.

A cikin dosiye, a rubuta duka iyali, har ƴaƴan da ba za su yi tafiyar ba. Wanda aka ɓoye yau, dokar na iya hana a ɗauko shi gobe. Kuma Kanada mace guda ta sani a aure, don haka mai iyali da yawa ya san da wannan tun daga gida. Ƙarya a dosiye ko takardar bogi na jawo haramcin shekara 5.

A tafi da asalin difloma, takardun makin jarrabawa, takardar haihuwa, ta aure, katin rigakafin yara, da wasiƙun shaida daga wuraren da aka yi aiki, ɗauke da lambar da za a iya samun mai gidan aikin. Neman waɗannan daga nesa wahala ce. Akwai kuma shirye-shiryen kyauta ta intanet, irin su Connexions francophones, masu taimakon wanda aka riga aka amince masa ya fara shirin neman aiki tun yana gida.

Ranar sauka

A filin jirgin farko da ka sauka, Monreyal ko Toronto alal misali, jami'i zai duba fasfo da takardar tabbacin zama da ake kira CRP, ya sa hannu. Daga ranar ka zama mazauni. Takardar tana da ranar ƙarewa, dole a iso kafin ta. Katin kansa ta gidan waya yake zuwa, don haka ana buƙatar adireshi a Kanada, kuma kwana 180 ake ba ka ka bayar da shi.

Wanda ke ɗauke da dala 10,000 ko fiye ya faɗa wa ƴan duwan. Riƙe kuɗin ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Haka ma abinci. Mun san matafiyinmu ba ya rabo da kilishi, to nama ba ya wucewa, kuma in an gano ba ka faɗa ba tarar na iya kai dala 1,300. Gara a cinye shi a Yamai.

Makonni biyun farko

Abu na farko shi ne lambar NAS, lamba 9 da ake samu kyauta a ofishin Service Canada. Ba a ɗaukar mutum aiki bisa doka sai da ita. A adana ta kamar kuɗi, kada a bai wa wanda ya kira ta waya yana tambaya.

Na biyu katin lafiya, wanda kowane lardi ke da nasa. A Kebek sabon zuwa na iya jiran wata 3 kafin ya fara aiki, shi ya sa ake shawartar mutum ya sayi inshorar wucin gadi. Ontariyo ta soke wannan jira tun 2020.

Na uku asusun banki. A can ana duba tarihin biyan bashin mutum kafin a ba shi hayar gida ko layin waya mai kwantiragi, baƙo kuwa ba shi da tarihi ko ɗaya. Mutane kan fara da ƙaramin katin bashi. Wanda ke biyan duk abin da ya kashe kafin wa'adi ba ya biyan kuɗin ruwa.

Sai gida. A Ontariyo mai gida na iya karɓar hayar watan farko da ta watan ƙarshe. A Kebek doka ta yarda da ta watan farko kaɗai. Kada a tura kuɗi don ɗakin da ba a gani da ido ba. Permi na Nijar kuma na ɗan lokaci ne: kwana 60 a Ontariyo, wata 6 a Kebek, bayan nan sai an yi jarrabawarsu. Batun sanyi ma kada a raina shi. A Winifeg ma'auni kan sauka zuwa 30 ƙasa da sifili, hunturunmu wasa ne. Riga da takalmin sanyi na cikin kuɗin da za a ware.

Difloma da sana'o'in da ke da ƙofa

Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Tantance diflomar da aka yi wajen neman zama, ta hannun hukumomi irin su WES, tana nuna matakin karatu ne kawai. Ba lasisin aiki ba ce. Kusan aiki 1 cikin 5 a Kanada yana ƙarƙashin hukumar sana'a: likita, malamin jinya, mai haɗa magani, injiniya, lauya, malamin makaranta, a wasu larduna har mai gyaran lantarki. Kowane lardi da hukumarsa da jarrabawarsa da kuɗinsa. Likitan da ya yi shekaru yana duba marasa lafiya a gida sai ya ci jarrabawa ya samu gurbin horo, gurbin kuma kaɗan ne, abin na iya ɗaukar shekaru.

Shawararmu ita ce a rubuta wa hukumar sana'ar tun kafin tafiya, a san matakai da tsadarsu, sannan a zaɓi lardi. Aikin kwamfuta, kasuwanci, gudanarwa da makamantansu yawanci ba sa buƙatar lasisi, mai ɗaukar aiki ne ke yanke hukunci.

Yadda ake neman aikin

CV ɗinsu daban yake da namu. Ba hoto, ba ranar haihuwa, ba batun aure ko addini, kuma shafi 2 ya wadatar. Ana rubuta abin da mutum ya aiwatar da lamba: mutum nawa ya jagoranta, kuɗi nawa ya kula da su. Kowane aiki da CV ɗin da aka gyara masa. Wuraren duba sanarwa sun haɗa da Guichet-Emplois na gwamnati, da Indeed da LinkedIn.

Amma ayyuka da dama ta bakin mutane ake jin su. Abin da muka saba da shi a fada da wurin biki, can ma yana aiki, sai dai da tsari: ka je bajekolin ayyuka, ka yi aikin sa kai, ka nemi wanda ke cikin sana'arka ya ba ka minti 15 na hira. Cibiyoyin tarbar baƙi da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu suna gyara CV da koyar da amsa tambayoyi kyauta. Akwai Centre francophone du Grand Toronto, akwai Accueil francophone a unguwar Saint-Boniface ta Winifeg. Darussan harshe na CLIC da LINC ma kyauta ne ga manya masu zaman dindindin. Wanda zai zauna wajen Kebek ya fara koyon Ingilishi tun yau. A Otawa da lardin Nouveau-Brunswick, wanda shi kaɗai ne mai harshe biyu a hukumance, mai jin duka biyun yana gaba da saura.

Katangar da baƙi suka fi kuka da ita ita ce a ce ba su taɓa aiki a Kanada ba. Ontariyo ta kafa dokar da ke hana kamfanoni masu ma'aikata 25 ko fiye sa wannan sharaɗi a sanarwar aiki daga 1 ga Janairun 2026, amma hali ba ya sauyawa rana guda. Shi ya sa da yawa ke farawa da aikin gadi, ɗaukar kaya a gidajen ajiya, amsa waya ko kula da tsofaffi. Ba abin kunya ba ne, da babu gara ba daɗi, kuma daga nan ake samun shaidar mai gidan aiki na farko. Haɗarin shi ne a saba. Mutum ya haɗa aiki biyu, ya gaji, shekara 5 ta wuce bai koma kan sana'arsa ba. Wanda ya karɓi irin wannan aiki ya sa wa kansa wa'adi, ya ware awoyi kowane mako don kwas da neman abin da ya karanta.

A wajen hira, a iso kafin lokaci, a dubi mai tambaya a ido. Sunkuyar da kai da muke yi don ladabi, can ana iya ɗaukarsa rashin tabbaci da kai. Mai son lokacin sallar Juma'a ya tattauna da shugabansa a fili, doka ta san da haƙƙin addini a wurin aiki.

Lissafin albashi

Mafi ƙarancin albashi a Ontariyo ya koma dala 17.60 a awa daga 1 ga Oktoban 2025, a Kebek kuma 16.10 daga 1 ga Mayun 2025. Mai aikin awa 40 a mako a Ontariyo yana samun kamar dala 3,050 a wata, wato wajen sefa miliyan 1 da jika 200. In aka kwatanta da jika 42 na mafi ƙarancin albashi a Nijar, sai a ce ya haye. To amma kafin kuɗin su shigo hannu an cire haraji, kuɗin fansho da inshorar rashin aiki. Kuma hayar gida mai ɗakin kwana guda a Toronto ta haura dala 2,000 a wata. Saura abinci, tikitin bas da waya.

Iyaye da ƴan uwa, wannan naku ne. In ɗanku ya yi wata 6 bai aiko ba, kada ku ce ya manta gida. Matsin lamba daga gida na cikin abubuwan da ke sa mutum ya bar karatun lasisi ya maƙale a aikin ƙarfi.

Kada a manta da cike takardar haraji kafin 30 ga Afrilu kowace shekara, ko da ba a samu komai ba. Da ita ake lissafa tallafin yara ƴan ƙasa da shekara 18.

Hattara da ƴan damfara

Ba wanda ke sayar da zaman dindindin, kuma mai ɗaukar aiki na gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ya ba ka aiki. Tun 25 ga Maris 2025 ma an daina ba da ƙarin maki a Entrée express saboda tayin aiki. Masu izinin karɓar lada don wakiltarka su ne lauyoyin Kanada, notaire na Kebek, da masu ba da shawara da ke cikin rajistar hukumarsu ta CCIC, ana kuma iya duba sunansu ta intanet. Duk wanda ya ce a WhatsApp ka turo kuɗi ya ba ka biza cikin mako 2, ɓarawo ne. Kada a sayar da gona ko shanu saboda shi.

Dokokin shige da fice suna sauyawa kusan kowace shekara, don haka kafin ku biya ko dala guda ku duba shafin canada.ca, akwai shi da Faransanci. Masu ƙarin tambaya su aiko mana, za mu amsa a shiri na gaba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya ba kowa halalinsa.