Tarihin Baƙin Kalmomi a Bakin Bahaushe: Daga Ayarin Sahara Zuwa Garejin Durumi

Hausar da ake ji a Durumi, unguwar da ke maƙwabtaka da Garki a Abuja, cike take da kalmomin aro. Bakanike a gareji yana maganar burki da sitiyari da fulogi, mai shayi yana yanka burodi, direba yana kiran fasinja. 'Yan boko sukan ɗauki irin wannan furuci a matsayin gurɓataccen Turanci, alhali kuwa tsari ne mai ƙa'ida wanda Hausa ta daɗe tana bi, tun kafin Bature ya taka ƙasarta.

Daga cikin rukunan da suka fi daɗewa akwai na Larabci, wanda ya shigo tare da Musulunci da fatauci tun wajen ƙarni na 14. Wasu kalmomin sun zo da "al" ɗinsu a manne, kamar alƙalami da alƙali da albasa da allura. Wasu kuma sun saje har ba a gane asalinsu, kamar lafiya da labari da littafi. Ba duka ne suka taho kai tsaye ba. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kasuwa da karatu da rubutu ta hannun Barebari suka biyo, abin da ke nuna irin rawar da Borno ta taka wajen yaɗa ilimi a ƙasar Hausa. Daga Buzayen da ke tafe da ayari aka samu takobi da takarda da raƙumi. Cuɗanya da Yarbawa a kasuwannin kudu ta kawo ashana da agogo da keke da akawu.

Turanci ya kwararo ne bayan sojojin Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Farkon waɗanda suka kwaso shi ba 'yan makaranta ba ne, sojoji ne da masinjoji da kukun Turawa da leburori, waɗanda suka ji kalma da kunne ba su gan ta a rubuce ba. Daga bakinsu aka samu soja da saje da kofur, sannan razdan da di'o da joji da en'e a harkar mulki. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙaro tasha da tikiti da reluwe. Kuɗin Turawa ya zo da fam da sule da sisi da kwabo, wanda ya shiga sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta.

Sauyin furucin yana bin hanyoyi sanannu. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f", don haka aka ce fenti da fasfo da famfo. Ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai ta cusa wasali a tsakani, kamar a firamare da burodi da direba. Tana son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa aka samu kofi da kati da benci. Inda kalmar Turanci ta ƙare da sautin "l", sau da yawa yakan koma "r", kamar a tebur da fensir. Kalmar bakanike ta fi kowace nuna yadda aro ke zama ɗan gida: kunnen Bahaushe ya mai da gaɓar farko ta kalmar Turancin ta zama "ba" irin ta Bakano da Bakatsine, sai jam'inta ya zama kanikawa.

Ma'ana ma takan sauya. Bariki mazaunin sojoji ne a asali, amma da yake can ne dokar gargajiya ba ta kai ba, sai "ɗan bariki" ya zama mai wayo da sakin layi. Sati daga sunan ranar Asabar ta Turanci ya fito, sai ya koma nufin mako gaba ɗaya. Hukumar wutar lantarki ta NEPA, wadda aka kafa a 1972, an rushe ta a 2005, amma har yau ana cewa an ɗauke nefa. Omo da Maggi sunayen kaya ne na kamfanoni, yanzu kowane garin sabulu omo ne, kowane ɗanɗanon miya magi ne. Akwai kuma kalmar da aka daɗe ana zaton aro ce, wato boko, wadda masanin harsuna Paul Newman ya nuna a 2013 cewa Hausa ce ta asali mai nufin abin da ba na gaskiya ba.

Iyakar da Turawa suka shata ta raba aron gida biyu. A Maraɗi da Damagaram, inda Faransa ta yi mulki, makaranta lakwal ce, malaminta mushe, babbar mota kamyo, man fetur asansi. Bakano da Bamaraɗe kan fahimci juna sarai a zancen gona da aure, amma su yi tuntuɓe a zancen ofis da mota.

Abuja ta buɗe sabon babi. An ƙirƙiri yankin babban birnin tarayya a 1976 a ƙasar da Gbagyi da wasu ƙabilu ke zaune, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Sunan birnin an ɗauko shi ne daga tsohuwar masarautar Abu Ja, wadda ta koma Suleja. A Durumi, inda Gbagyi da 'yan cirani da 'yan gudun hijira daga Borno ke zaune tare, Hausa na cikin harsunan ciniki na yau da kullum, tana gogayya da Turanci da Turancin buroka. Sababbin kalmomi irin su janareto da caji da kwamfuta da intanet suna bin tsohuwar ƙa'idar furuci. Wannan ya sha bamban da ingausa, inda mai magana ke jefa jimlar Turanci ɗungurungum cikin Hausa ba tare da ya sarrafa ta ba. Kalmar da ta karɓi sautin Hausa da jinsi da jam'i, kamar mota da motoci ko tebur da tebura, ita ce masu ƙamus ke lissafawa a cikin harshen, tun daga ƙamusun Bargery na 1934 har zuwa waɗanda suka biyo bayansa.