INA YARO KE KWANA? TARIHIN ƊAKI DA GADO A ƘASARMU



Tarihin da muke koya ma yara a lakkwal na sarakuna ne da yaƙoƙi: yadda Katsinawa sunka kafa sarauta a Maraɗi, yadda Gobirawa sunka zauna Tsibiri, da shekarar 1899 da Faransawa sunka shiga Damagaram. Akwai wani tarihi da ba a tambaya ranar jarrabawa, shi ne na cikin ɗaki. Cikin wagga lamba muna so mu duba ina yaro ke kwana, da wa, kuma har yaushe. Maganar ta shafe mu, don da yawa cikin ƴan ƙungiyarmu da ke zaune Maraɗi, Damagaram ko Yamai ɗaki guda suke haya, su da mata da ɗiya biyar ko shida. In an haɗu gardama takan tashi, wasu su ce haka munka gada, wasu su ce talauci ne kawai. Kowane ɓangare yana da gyara.

Abu na farko da ya kamata mu tuna shi ne, a gidan kakanninmu ɗaki na mace ne. Ranar da anka kai amarya, ɗakinta anka kai ta, ko na kara da jinka ko shigifa, kuma danginta ne sunka jera mata kaya ciki. Mai gida in yana da hali yana da turaka, matar da ke da girki ta same shi can. In ba shi da turaka, shi ke zagayawa, kwana biyu nan, kwana biyu can. Ke nan wanda ke shiga yana fita uba ne. Jinjiri shi da uwa tai ba su motsi. Saboda haka tambayar da ake yi yau, wai ko ya dace yaro shi kwana da iyayenshi, tsofaffinmu ba za su gane ta ba. Yaro da uwa yake kwana, uba baƙo ne.

Kwana arba'in na jego ma ba uwa kaɗai ke ɗakin ba. Mai haihuwar fari gidansu take zuwa. Ana yi mata wankan ruwan zafi safe da marece, tana shan kunun kanwa, a wurare da yawa kuma tana kwanciya bisa gadon ƙasa wanda ake hura wuta ƙarƙashinshi. Wata tsohuwa, uwa ko gwaggo ko kaka, tana kwana kusa. Aikin tsohuwar nan ba ƙarami ba ne: ita ke tada yarinyar da barci ya kwashe don ta ba da nono, ita ke janye jinjiri in ta ga za a danne shi. Tsofaffi sun san yarinya mai shekara goma sha biyar ko sha shida barcinta nauyi gare shi, sunka aje mata mai tsaro. Ba duk abin da ake yi cikin jego ba ne alheri. Cikin shekarun 1970 likitocin Zariya sunka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, sunka danganta shi da kanwar nan mai yawa da zafin wanka da na gadon wuta. Amma tsohuwar da ke kwana ɗaki, ba mu ji likitan da ya kushe ta ba.

Bayan arba'in yaro na nan jikin uwa, da rana a baya, da dare a gefe, har yaye. Alƙur'ani, cikin aya ta 233 ta Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma al'ada kusa da haka take. Abin da samarin yanzu ba su cika sani ba shi ne, muddin mace na goyo, miji nesa yake da shimfiɗarta. Wadda ta yi ciki yaro bai bar nono ba, an ce ta yi rurrutsa, wasu na cewa kwanika, kuma abin gori ne bakin rijiya. Jinjirin da ke bisa tabarmar uwa shi ne ke riƙe da wurin, shi ke sa tazara tsakaninshi da ƙane. Addini bai wajabta wanga nisa ba in jinin biƙi ya ɗauke, al'ada ce, kuma ta yi rauni sosai. Amfaninta kuwa a fili yake: yaron da anka cire ma nono da gaggawa don uwa ta samu ciki, shi ne tamowa ta fi kamawa.

Yaye shi ne ƙaura ta farko a rayuwar mutum. A ɗauke yaro a kai shi wajen kaka, shi yi kwanaki yana kuka har shi manta. Sau da yawa ba ya dawowa ɗakin uwa sam, balle ɗan fari, wanda uwa ke jin kunyarshi har ba ta faɗin sunanshi. Wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau mai suna Baba ta ba wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, labarin rayuwarta a 1949 da 1950, anka buga shi littafi a 1954. Baba ba ta haihu ba, amma ta yi riƙon ɗiyan dangi, kuma abin da ta faɗa game da kunyar ɗan fari da ba da yaro riƙo duk wanda ya tashi ƙauyen Katsina ko Gobir zai gane shi. Ɗakin kaka makaranta ne: can ake gatana, can ake koyon sunayen dangi, can ake fitsarin kwance ba a sha duka.

Ƙaura ta biyu ta maza ce. In an yi ma yaro kaciya, wajen shekara bakwai, sai shi koma zaure ko ɗakin samari, ko shi bi malam. Ƴan mata su zauna wajen tsohuwa har aure. Nan al'ada da addini sun yi daidai. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umurni a hori yara da salla suna da shekara 7, a raba masu shimfiɗa suna da 10. Aya ta 58 ta suratun Nur ta sa yara su nemi izini kafin su shiga wajen manya a lokaci ukku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan isha'i. Ayar ta ɗauka cewa yaro mai wayo yana da wani wurin kwana dabam, in ba haka ba ina zai fito har shi nemi izini? To ga amsar masu cewa haka munka gada. Mun gaji kwanan jinjiri da uwa. Ba mu gaji kwanan ɗan shekara goma sha biyu a ƙafar gadon uba ba.

Me ya rushe wanga tsari? Ba abu guda ba ne.

Akwai kuɗin gyaɗa. Cikin damanar 1945 Gulbin Maraɗi ya cinye tsohon gari, Faransawa sunka maida mutane bisa tudu, anka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu, kowane fili da iyakarshi. Cikin shekarun 1950 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuɗi sunka shiga hannun talaka, kayan kanti sunka shiga ɗakin amarya. Gadon kara da gadon ƙasa sunka ba gadon ƙarfe wuri, kwanonin sha da tasoshi sunka kori ƙorai, daga baya gadon katako da katifar soso da kabad sunka zo. Barbara Cooper, wadda ta rubuta tarihin aure a Maraɗi a 1997, ta tsaya sosai kan kayan ɗakin nan, don su ne dukiyar mace da mutuncin danginta. Mu abin da muke gani shi ne ɗakin bai ƙaru ba, kaya ne sunka ƙaru. Kowa ya san ɗakin da gado ya ci rabi, an ɗora katifa bisa katifa, an jera matasai, ba mai hawa sai ranar suna, uwa da yara kuwa suna ƙasa bisa tabarma. Kar mu yi dariya da yawa, don jinjiri ya fi tsira a tabarmar nan da bisa tsaunin soso.

Akwai kuma watsewar gandu. Da can uba da ƙannenshi da ɗiyanshi masu aure gida guda suke, zaure guda, tsofaffi biyu ko ukku. Da kowa ya fara neman kuɗin kanshi, sai gidaje sunka rarrabu. Farin 1973 da 1974, da na 1984, ya tura dubban mutane birni. Maraɗi na da mutum wajen 45,000 a ƙidayar 1977, wajen 110,000 a 1988, sama da 267,000 a 2012. Wanda ya je birni ya kama ɗakin haya bai tafi da kaka ba, bai tafi da zaure ba, ba shi da turaka. A nan ne, karo na farko, uba ya zama mazaunin ɗaki na kullum, kuma yaron da anka yaye ba shi da inda za a kai shi. In munka tuna binciken 2012 ya samu haihuwa 7.6 ga kowace mace a Nijar, lissafin ba shi da wuya.

Mu da munka yi lakkwal mun zo da namu ruɗani. Littattafan renon yara na Faransa sun koyar da cewa jinjiri shi kwana cikin ɗan gadonshi, shi kaɗai, a ba shi nono bisa agogo. Wanga ra'ayi yana da nashi tarihi. Tun ƙarnonin tsakiya limaman coci a Turai ke hana iyaye kwana da jinjiri, don yara na mutuwa da dannewa, kuma ana zargin wasu matalauta da yin haka da gangan su ce tsautsayi ne. Dokar wata ƙasa ce da matsalarta, anka kawo mana ita kamar ilimin da ba a jayayya da shi. Kuma likitocin can sun sha canza magana. Cikin shekarun 1970 da 1980 sun ce a kwantar da jinjiri rub da ciki, mutuwar farat ɗaya cikin barci ta yi yawa, har ta kai wajen 1,500 a Faransa a 1991. A 1994 anka yi shela a maida yara rigingine, cikin ƴan shekaru adadin ya ragu da fiye da rabi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a 2016 da kuma 2022, ta ce jinjiri shi kwana ɗaki guda da iyaye aƙalla wata 6, amma bisa shimfiɗarshi dabam. Sun dawo rabin hanya wajen kakanninmu. Sauran rabin kuma ya kamata mu saurare su, don abubuwan da sunka ce suna ƙara hatsari duk sun shigo gidajenmu: katifa mai laushi, matasai da bargo mai nauyi, hayaƙin taba, babba da ya sha ƙwaya mai sa barci, da jinjirin da anka haifa bakwaini ko ƙarami ƙwarai. Ga shi kuma tsohuwa mai tsaro ba ta nan.

Na baya-bayan nan shi ne gidan sauro. A watan Disamba na 2005, tare da rigakafin shan inna, anka raba gidajen sauro masu magani ga uwayen yara ƴan ƙasa da shekara 5, Yamai ta samu nata a farkon 2006, jimla wajen miliyan 2. Tun daga nan, da damana, inda gidan sauro yake nan yara ke taruwa, har wanda anka yaye da wanda ya fara lakkwal. Ba mai hankalin da zai ce a fidda yaro waje sauro shi cinye shi don a kiyaye al'ada. Da ɗari kuwa akasin haka ne: a rufe ƙofa da taga, mutum takwas na shaƙar numfashin juna, kuma cunkoso irin wanga na taimakon sanƙarau da ƙyanda wajen yaɗuwa. Rigakafin sanƙarau da anka fara a ƙarshen 2010 ya karya nau'in da ya fi kisa a da, amma wasu nau'o'in sun sake tashi a 2015.

A gida nan ƙauye har yanzu akwai fili, akwai tsofaffi, amma mun lura masu sabon gini zaure suke fara yankewa, ko su fasa mashi ƙofa waje su maida shi shago. A birni kuwa muna da ƴan garinmu da ke haya unguwa guda, wasu ma gida guda, kowa da samarinshi cikin ɗaki. In magidanta huɗu ko biyar sunka haɗa kuɗi, za su iya kama ɗaki guda na yara maza da sunka kai shekara 10, wani dattijo cikinsu shi sa ido, ƴan mata kuma a nemo masu wata gwaggo daga gida. Za mu kawo maganar a taro mai zuwa, kuma muna roƙon iyayenmu mata su zo, don su ne sunka san yadda ake yi da can.