Katin ƙarin memori na kalkuletar HP 48

Katin ƙarin memori na kalkuletar HP 48 wani ɗan faifai ne da bai wuce girman katin banki ba, wanda ake zura shi a bayan kalkuletar domin ƙara mata wurin ajiye bayanai da manhajoji. Kamfanin Hewlett-Packard na ƙasar Amurka ne ya ƙera jerin kalkuletocin HP 48, waɗanda ke zana jadawalin lissafi a fuskarsu kuma ake iya rubuta musu manhaja. Injiniyoyi da ɗaliban kimiyya da masu awon ƙasa sun yi amfani da su sosai. Ko da yake an daina ƙera su a shekarar 2003, har yanzu ana cinikin kwancensu tare da katunansu, kuma kuskure wajen zaɓen kati ko wajen cire shi yana iya goge duk abin da aka ajiye.

Tarihi

HP 48SX ce ta fara fitowa a shekarar 1990, da memorin aiki mai girman 32 KB da gurbin kati guda biyu. A 1991 aka fitar da HP 48S, wadda ba ta da gurbi ko ɗaya. A 1993 aka kawo HP 48GX mai 128 KB da gurbi biyu, tare da HP 48G mai 32 KB marar gurbi. HP 48G+ ta 1998 tana da 128 KB amma ita ma ba ta karɓar kati. Saboda haka samfuri biyu kaɗai, wato SX da GX, ake saya wa kati. Harafin X da ke ƙarshen sunan shi ne alamar cewa ana iya faɗaɗa na'urar.

Ire-iren kati

Katunan sun kasu gida biyu. Na farko shi ne katin ROM, wanda ke zuwa da manhaja a ciki tun daga masana'anta kuma ba a iya rubutu a kansa. Misalinsa shi ne katin tarin ƙa'idojin lissafi da kimiyya mai lamba 82211A da aka yi wa SX, da katunan awon ƙasa na kamfanin Tripod Data Systems. Irin wannan kati ba ya ƙara wurin ajiya.

Na biyu shi ne katin RAM, wanda ke zuwa babu komai a ciki. HP ya sayar da mai 32 KB (82214A) da mai 128 KB (82215A) da mai 1 MB (82216A). Wasu kamfanoni a Amurka da Jamus sun ƙera nasu masu girma daban-daban. Katin RAM na asali yana da ƙaramin batir mai siffar kwabo, CR2016, wanda ke riƙe bayanai idan an cire katin, da ɗan makunni da ke hana rubutu a kansa. Daga baya masu sha'awar waɗannan na'urori sun ƙera katuna da fasahar FRAM, wadda ba ta buƙatar batir kafin ta riƙe bayanai.

Katunan suna da haƙoran haɗi guda 40, kuma an gina su ne a kan tsarin kamfanin Seiko Epson na Japan da aka yi wa gyara domin ya dace da wutar kalkuletar. Ba ɗaya suke da katin PCMCIA na tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba, wanda ke da haƙora 68. Akwai katunan wasu na'urori da ke shiga gurbin daidai amma aka tsara su da wani ma'aunin wuta dabam, shi ya sa HP ya yi gargaɗi a kan amfani da katin da ba a yi shi domin HP 48 ba.

Dalilin iyakar 128 KB

Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa HP 48 ana kiranta Saturn. Tana amfani da adireshi mai bit 20, kuma kowane adireshi yana nuna rabin bait ne, wato bit 4. Idan aka lissafa, abin da take iya gani a lokaci guda bai wuce 512 KB ba, kuma a cikin wannan fili ne manhajar na'urar da memorin aiki da katuna za su samu wuri. Wannan ne ya sa kowane gurbi ba ya nuna fiye da 128 KB a lokaci guda.

A SX, gurbi na 1 da na 2 kowanne yana ɗaukar kati har 128 KB. A GX, gurbi na 1 yana nan a kan 128 KB, amma an tsara na 2 ya ɗauki har 4 MB ta hanyar yanka katin zuwa ɓangarori masu 128 KB, na'urar tana sauyawa daga wani zuwa wani. Kowane ɓangare yana da lambarsa. Kati mai 512 KB yana ba da ɓangare na 2 zuwa na 5, mai 1 MB kuma na 2 zuwa na 9. Babu wani abu guda da zai fi girman ɓangare ɗaya, komai girman katin.

Haɗewa ko warewa

Ana amfani da katin RAM ta hanya biyu. Ana iya haɗe shi da memorin aiki su zama abu guda, ko a bar shi a ware a matsayin rumbun ajiya. A SX umarnin MERGE ne ke haɗewa, FREE kuma ya ware. Idan aka haɗe katuna biyu masu 128 KB, memorin aiki yana kaiwa 288 KB. A GX gurbi na 1 kaɗai ake haɗewa, da umarnin MERGE1 da FREE1, kuma iyakar memorin aiki ita ce 256 KB.

Katin da aka haɗe yana ba da damar yin manyan lissafe-lissafe, amma ya zama wani sashe na jikin na'urar. Idan aka zare shi ba tare da an ware shi ba, ana iya rasa dukkan bayanan da ke cikin kalkuletar. Katin da ke ware kuwa ana iya cire shi a kai shi wata na'ura da bayanansa, kuma ya fi tsira idan kalkuletar ta tsaya cak aka goge memorinta.

Abin lura wajen zaɓe

Abu na farko shi ne samfurin na'urar. SX ba ta ganin fiye da 128 KB na kati a lokaci guda. Mai GX da ke fama da ƙarancin memori a tsakiyar lissafi, kati mai 128 KB a gurbi na 1 ne zai magance masa, domin babban kati a gurbi na 2 ba ya ƙara memorin aiki ko kaɗan. Wanda kuma yake son tara manhajoji da yawa ko bayanan awon filaye, shi ne ke buƙatar babban katin.

Na biyu shi ne wurin da manhaja ke son zama. Wasu manhajoji suna aiki ne daga memorin ciki ko gurbi na 1 kawai, kuma waɗanda ke aiki daga ɓangarorin gurbi na 2 sukan yi jinkiri saboda sauye-sauyen da na'urar ke yi. Mai awon ƙasa da katin ROM ɗinsa ya riga ya cike gurbi ɗaya, gurbi ɗaya ne ya rage masa.

Na uku shi ne yanayin katin kansa. Yawancin katunan asali sun haura shekara 20, don haka ana duba haƙoransu da mazaunin batir ko sun yi tsatsa. Kalkuletar tana aiki da batir AAA guda 3, kuma katin da ke jan wuta da yawa yana saurin cinye su.

Sakawa da kulawa

Ana kashe kalkuletar kafin a saka kati ko a cire shi. Sabon kati yakan sa ta nuna gargaɗin cewa bayanan katin ba daidai suke ba, kuma a GX umarnin PINIT yana shirya ɓangarorin katin. Canjin batirin kati kuwa ana yin sa ne katin yana cikin gurbi kuma kalkuletar tana kunne, domin a lokacin ita ce ke ba shi wuta. Tana kashe kanta bayan minti 10 idan ba a taɓa ta ba, don haka ba a jan lokaci. Kafin wannan aiki ana so a kwafi bayanai zuwa kwamfuta ta waya.

Bayan HP 48

HP 49G ta 1999 ba ta da gurbin kati. HP 49g+ ta 2003 da HP 50g ta 2006 sun koma amfani da katin SD, irin na kyamara. Suna karɓar kati har 2 GB amma ba sa karanta nau'in SDHC. Katin SD wurin ajiya ne kawai, ba a haɗe shi da memorin aiki. Kamfanin Casio ma ya saka gurbin SD a fx-9860G SD, yayin da jerin TI-83 da TI-84 na Texas Instruments ba su da gurbin kati, sai dai ma'ajiyar da ke cikinsu.